An Wajabta Inshorar Lafiya, To Wa Zai Biya Wa Manomin Wurno?

Ranar 19 ga Mayu, 2022, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA. Tun daga ranar, doka ta ɗora wa duk mazaunin Nijeriya wajibcin mallakar inshorar lafiya. In aka bi harafin dokar, mai noman albasa a fadamar Wurno, da masunci a bakin madatsar ruwan Goronyo, da matar da ta gudo daga ƙauyukan Gandi da goyo a baya, duk suna zaune cikin saɓa doka ba su ma sani ba. Babu wanda ya kama su, kuma babu mai kama su, domin waɗanda suka rubuta dokar sun san ba su da abin biya. Abin da ya dame ni shi ne ɗaya ɓangaren dokar, wanda ya ce gwamnati ce za ta biya wa marasa ƙarfi. Shi ma ana saɓa masa, shi ma ba a kama kowa ba.

Na yi aikin malamin asibiti a ƙananan asibitocin wannan yanki har na yi ritaya, yanzu kuma ina riƙe da ɗan kemis a bakin hanya. Inshorar da na san tana aiki a nan ita ce littafin bashin da nake ajiyewa a ƙarƙashin kanta. Magidanci zai shigo da takardar maganin kwana biyar, ya ce, "Mallam, ba ni na kwana biyu, in Allah ya kai mu kasuwa in cika." Wani lokaci ya cika. Wani lokaci yaron ya ɗan ji sauƙi a manta da sauran, bayan mako biyu zazzaɓin ya dawo da ƙarfinsa. In ciwon ya fi ƙarfin kemis sai a ja akuya zuwa kasuwa, in kuwa tiyata ce sai sa, ko a jinginar da gona. Masu lissafi sun ce fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun majinyata da danginsu yake fitowa kai tsaye. Mu a gabashin Sakkwato ba mu buƙatar a gaya mana, muna ganin dabbobin da ake karyarwa da rahusa ranar kasuwa saboda akwai mara lafiya kwance.

A Abuja da Legas ana ta gardama a kan wanne ya fi, inshorar kamfani ko wadda gwamnati ke ɗaukar nauyi. Gardamar tana da daɗin ji a rediyo, amma kafin mutum ya shiga cikinta ya kamata ya san yadda aka gina gidan tun daga tushe. Gwamnatin soja ta Janar Abdulsalami Abubakar ce ta yi dokar tsohuwar hukumar NHIS a 1999, ba a kuma fara aiki da ita ba sai 2005, zamanin Obasanjo. An gina tsarin a kan takardar albashi: mai ɗaukar aiki ya zuba kwatankwacin kashi 10 cikin ɗari na tushen albashin ma'aikaci, ma'aikacin ya zuba kashi 5. Sannan aka sa kamfanonin da ake kira HMO a tsakiya, su karɓi kuɗi daga hukuma su biya asibitoci. Wanda ba shi da albashi ba a kore shi ba, ba a dai yi masa ƙofa ba. Shekara goma sha uku bayan farawa, binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya gano kashi 3 cikin ɗari ne kawai na maza da mata 'yan shekara 15 zuwa 49 suke da inshorar lafiya ko wace iri. Ko ma'aikatan tarayya da suka fi kowa cin moriya, ƙungiyoyin ƙwadago sun daɗe suna turjiya a kan a cire musu nasu kason, domin ba su yarda da inda kuɗin zai shiga ba. Masu bin labarai za su tuna rigimar da Farfesa Usman Yusuf ya yi da kamfanonin HMO lokacin da ya shugabanci NHIS daga 2016 zuwa 2019, yana zarginsu a fili da riƙe kuɗin asibitoci. Kowa da ra'ayinsa a kan mutumin, amma kukan bashin da asibitoci ke yi ba shi ya ƙirƙiro shi ba.

Akwai wani abu a tsarin da duk ɗan Arewa ya kamata ya tsaya a kansa. Katin ma'aikaci yana ɗaukar shi kansa, da matar aure ɗaya, da 'ya'yan cikinsa huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Sauran sai an biya musu daban. Ku ƙirga gidajen da kuka sani a Rabah ko Achida ko Shinaka, nawa ne suka yi daidai da wannan ma'auni? Na san malamin makaranta mai mata biyu da ya kwana yana tunanin wadda zai rubuta, domin ya san duk wadda ya bari gidan ba zai zauna lafiya ba. Na san wanda yake riƙe da marayun ƙaninsa da 'yan bindiga suka kashe, su kuma ba 'ya'yan cikinsa ba ne, takarda ba ta san da su ba. Sakamakon kuwa sananne ne ga duk wanda ya taɓa zama a teburin kati: a kawo Hadiza da katin Maryama, malamin asibiti ya kau da kai don ya san halin da ake ciki, tarihin ciwon yara biyu ya cakuɗe a fayil ɗaya.

Ba na cikin masu zagin inshorar kamfani don kawai ta kamfani ce. Ɗan'uwana da ke aikin banki a birni yana da ita, kuma lokacin da aka yi wa matarsa tiyatar haihuwa bai sayar da ko kaza ba. Wannan alheri ne, ina yi wa kowa fatansa. Amma kamfani yana neman abu uku kafin ya shiga wuri: mutanen da za a iya cire musu kuɗi kowane wata ba tare da an bi su gida-gida ba, da mutanen da yawancinsu lafiyayyu ne don kuɗin masu lafiya ya ɗauki marasa lafiya har a samu rara, da asibitocin da za a yi yarjejeniya da su. Ka zo da waɗannan ma'aunai uku mazaɓar Kurya ko Kwakwazo ka gani. Kuɗi sau ɗaya ko biyu yake shigowa a shekara. Yara ƙanana da mata masu ciki su ne suka fi yawa a layin asibiti, kuma daga Agusta zuwa Oktoba kusan kowane gida akwai mai zazzaɓin cizon sauro. Manyan asibitocin kuɗi da kamfanonin ke hulɗa da su kuwa suna cikin birnin Sakkwato. Kamfanin da ya ƙi buɗe ofis a nan bai yi zalunci ba, lissafinsa ya yi. Mai laifi shi ne wanda ya san haka, ya kuma ci gaba da gaya mana cewa kasuwa za ta iso.

To me gyaran 2022 ya yi wa kamfanonin? Ya rage musu wuri ta wani gefe, ya buɗe musu ta wani. An mayar da nauyin tsarin jama'a ga hukumomin jihohi, kamfanin HMO sai dai a ɗauke shi aikin ɗan tsakiya in an ga dama, an kuma bar masa sayar da ƙarin kariya ga mai hali. Amma da yake dokar ta tilasta wa duk mai ma'aikata biyar zuwa sama ya yi musu inshora, kuma a Satumbar 2025 Shugaba Tinubu ya umarci ma'aikatun tarayya su riƙa neman shaidar inshorar lafiya daga masu neman kwangila da lasisi, kasuwarsu ta birni ƙaruwa za ta yi. An kuma gyara farashi. Kuɗin da ake ba asibiti a kan kowane mai kati duk wata, ko ya zo ko bai zo ba, ya shekara fiye da goma yana naira 750, aka ɗaga shi zuwa naira 1,450 a 2025. An ce kuma kamfani ya ba da lambar izinin magani cikin awa ɗaya, maimakon majinyaci ya yini a benci ana ce masa ba a samu lamba ba. Duk gyara ne mai kyau, amma gyara ne na masu kati.

Akwai ma wata illa da ba a cika faɗa ba. Duk lokacin da kuɗin inshora ya ƙaru a birni, asibitocin kuɗi suna ƙara ɗaukar ma'aikata, kuma daga rijiya ɗaya ake ɗiba. Nas ɗin da ta iya karɓar haihuwa, wadda jiha ta kashe kuɗi ta horar, in aka ba ta zaɓi tsakanin ɗaki mai lantarki a Sakkwato da kwana cikin fargaba a ƙauye, kowa ya san inda za ta. A 2025 gwamnatin jiha ta fito da tsarin tura ma'aikatan lafiya karkara na tilas na shekara biyu, da ƙarin kashi 10 cikin ɗari a kan albashi. Na yaba da niyyar. Sai dai kashi goma ba ya gina gidan ma'aikata, ba ya kuma tsare hanya.

Sai mu zo ga kuɗin gwamnati, wanda shi ne kaɗai ya taɓa isowa mazaɓunmu da sunan inshora. Dokar Lafiya ta Ƙasa da Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, BHCPF, ta ce a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Ta kuma raba shi: rabi don sayen magani da kulawa ga marasa ƙarfi ta hanyar inshora, kashi 45 don magunguna da gyaran ƙananan asibitoci da ma'aikata, kashi 5 don agajin gaggawa. Jihohi da ƙananan hukumomi su ma an ce su kawo nasu kashi 25 na gudummawa. Shekara huɗu dokar tana kwance kafin a sa mata kuɗi a kasafin 2018, naira biliyan 55 da 'yan kai. Manufar ita ce a samu asibiti ɗaya mai aiki a kowace mazaɓa, kuma Jihar Sakkwato tana da mazaɓu 244. Na ga abin da kuɗin ya yi da idona. Asibitin da a da in za a yi wa mace ɗinki sai mijinta ya sayo safar hannu da auduga, ya wayi gari yana da kusan naira dubu 300 duk wata uku a asusunsa, kwamitin mazaɓa yana sa hannu kafin a cire. An gyara rufi, an sayi fitilar sola, an ɗauki mai shara. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, amma ya nuna cewa in kuɗi ya sauka kai tsaye a asibiti, ba tare da ya biya ta ofis bakwai ba, ana ganin wurin da ya shiga.

Matsalar tana ga lissafi, kuma lissafin ba ya buƙatar digiri. An ƙiyasta naira 12,000 a shekara a kan kowane mutum ɗaya da asusun zai ɗauka. Rabin biliyan 55 in ka raba shi da 12,000, mutum miliyan biyu da 'yan kai za ka samu a duk faɗin Nijeriya. Lokacin da aka sa hannu a dokar 2022, gwamnati da bakinta ta ce 'yan Nijeriya miliyan 83 ne marasa ƙarfi da za a ɗauka ta sabon asusun masu rauni. Miliyan 83 sau 12,000 ya kusa naira tiriliyan ɗaya a shekara, kuma wannan da tsohon farashi ne, kafin cire tallafin mai a Mayun 2023 da faɗuwar naira su ninka kuɗin magani, kafin kamfanin magunguna na GSK ya tattara nasa ya nasa a shekarar. Tsakanin alkawarin da kuɗin da aka ajiye akwai tazarar da babu jawabin da zai cike ta. Shugabannin Afirka sun taru a Abuja a 2001 sun yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafi, amma ƙasar da ta karɓi baƙuncin taron har yau a kusa da kashi 5 take yawo.

In kuɗi bai isa ba sai a koma zaɓe, a ce kowace mazaɓa ta kawo sunayen mafi talauci. A nan ne abin yake ba ni dariya mai ciwo. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022 ya ce kashi 90.5 cikin ɗari na mutanen Jihar Sakkwato suna cikin talauci ta fuskoki da dama, babu jihar da ta kai ta. A wurin da tara cikin goma talakawa ne, wa za ka zaɓa ka bar wa? Mai unguwa yana da surukai, kansila yana da waɗanda suka yi masa wahala, ana kuma neman lambar NIN wadda tsohuwar da ta fi kowa buƙata ba ta taɓa zuwa inda ake yin ta ba. Ƙarshenta sai ka ga mata biyu a benci ɗaya, ciwo ɗaya, talauci ɗaya, a ba ɗaya magani kyauta a ce ɗaya ta je kemis. Ta biyun ba za ta zagi Abuja ba, malamin asibitin da ke gabanta za ta ɗauka ɓarawo. Na sha jin, "To mu mi munka yi?" kuma ban taɓa samun amsar da ta gamsar da ni kaina ba.

Ra'ayina shi ne a daina wahalar tantance talaka a irin waɗannan ƙananan hukumomi. A ɗauki rukuni gaba ɗaya: duk mace mai ciki har ta yi arba'in, da duk yaron da bai kai shekara biyar ba, a Wurno da Rabah da Goronyo da maƙwabtansu, gwamnati ta biya musu ba tambaya. Ciki ba ya ɓuya, yaro ma haka, babu buƙatar wasiƙar kansila. Su ne kuma suka fi mutuwa. Binciken 2018 ya nuna ko mace ɗaya cikin goma ba ta haihuwa a asibiti a jihar nan, kuma kusan yaro ɗaya cikin biyar ba ya kai shekara biyar. Za a ce an taɓa yin irin wannan, domin gwamnatin tsohon gwamna Wamakko ta yi shirin magani kyauta ga masu ciki da ƙananan yara. Gaskiya ne. Bambancin da nake nema shi ne kuɗin ya bi ta hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, SOCHEMA, wadda aka kafa zamanin gwamna Tambuwal, a rubuta shi a doka da adadi a kan kowane kai, don kada ya zama kyautar gwamna da za ta tafi ranar da ya sauka.

Kuma a biya a kan lokaci. Wannan darasin ba sai mun je nesa ba, yana ƙetaren Illela. Jamhuriyar Nijar ta ayyana magani kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar tun 2006, tare da tiyatar haihuwa. Iyaye sun yi tururuwa, yara da yawa sun tsira. Amma gwamnati ta riƙa jinkirin mayar wa asibitoci kuɗinsu, bashi ya taru, kantocin magani suka bushe, aka koma ba uwa takarda ta je ta saya a waje. Kyautar da ba a biya wa asibiti ba, uwar yaron ce take biyanta daga baya, da kuɗin mota a kai. Ƙasashen da suka yi nisa kuwa duk da kuɗin haraji suka yi. Ghana ta yi dokarta a 2003 ta ɗora kashi 2.5 cikin ɗari a kan harajin kayan saye don inshorar lafiya. Tailan ta ɗauki duk waɗanda ba su da albashi a 2002 daga baitulmali. Ko Amurka, uwar inshorar kamfani, da ta yi gyaranta a 2010 sai da ta faɗaɗa shirin gwamnati na Medicaid kafin ta kai ga talakawanta.

Wannan ba ya nufin manomi ba zai zuba komai ba. Mutanenmu ba su ƙi taimakon juna ba, kuma tsarin ba baƙo ba ne a wurinsu: adashi ne, sai dai mai kwasa shi ne wanda ciwo ya kama. Abin da suka ƙi shi ne a zo musu da tsarin ɗan albashi. Ka ce wa mai noman rani ya kawo kuɗi kowane wata, ka nuna ba ka san shi ba. A watan Agusta rumbu ya yi ƙasa, kuɗin hannu ya tafi ga taki, kuma a lokacin ne sauro ya fi ɓarna. Amma je ka same shi bayan an cire albasa da tafarnuwa, ko an casa shinkafa, lokacin da motoci ke lodi zuwa Kudu. A ranar zai iya biyan na shekara a dunƙule. A ƙarƙashin madatsar Goronyo da aka gama a 1984 akwai ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da suka saba tara kuɗin gyaran magudanai. Akwai ƙungiyoyin 'yan albasa, da na masunta, da na direbobi. Su ne ƙofar da SOCHEMA za ta bi, a yi rajistar gida sukutum yadda yake, da mata biyu ko uku da marayun da ake riƙo, a kan farashin da aka yi da mai gida a zaune. Amma kada a ruɗi kai: abin da za a tara ta nan ƙari ne a kan kuɗin gwamnati, ba zai maye gurbinsa ba.

Wasu za su kawo maganar addini, kuma ba maganar banza ba ce. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta ce inshorar kasuwanci da aka saba akwai garari mai yawa a cikinta, ta kuma halatta ta taimakekeniya da aka gina a kan sadaukarwa. Manomin da ya ji malaminsa ya yi wannan bayani ba zai miƙa wa kamfani kuɗinsa ba ko da ya samu. Asusun da jama'a suka tara, babu mai cin ribarsa, shi malamai za su iya tsayawa a kan mumbari su kare. Hukumar zakka da waƙafi ta jiha ta daɗe tana taimaka wa marasa ƙarfi da kuɗin magani. Zai fi amfani a juya wani kaso na wannan zuwa biya wa marayu da gajiyayyu rajistar shekara tun suna tsaye da ƙafafunsu. A Wurno, garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake kwance tun 1837, mutumin da duk da nauyin mulki da yaƙi ya zauna ya rubuta littattafai a kan magani, har da na basur da na ciwon ido, bai kamata a sha wahalar fahimtar da kowa cewa lafiyar talakawa aikin shugaba ce ba.

Saura abin da ya fi kowanne nauyi. Kati ba ya aiki in hanya ta rufe. Tun harin Tabanni a gundumar Gandi a Yulin 2018, da kisan da aka yi a kasuwar Goronyo a Oktoban 2021 inda mutum fiye da 40 suka rasu, rayuwar yankin nan ta sauya. Akwai ƙauyukan da in naƙuda ta zo da matsala bayan magariba, babu mai babur ɗin da zai yarda ya fita, sai a jira asuba da mace tana zubar da jini ko tana jijjiga. Akwai kuma matsalar da masu zana tsarin ba su hango ba: ana ɗaure mai kati da asibitin mazaɓarsa, alhali dubban mutane sun bar mazaɓunsu suna zaune a makarantu da kangaye a cikin Rabah da Goronyo da Wurno. Kuɗinsu na wata yana tafiya inda suka baro, su kuma suna layi a inda ba a san da sunansu ba. Gyaran wannan ba ya cin ko kwabo, umarni ne kawai: katin ɗan gudun hijira ya yi aiki a duk asibitin gwamnati da ya samu kansa, kuɗin ya bi shi.

A Nuwamban 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi, kuma NHIA tana biyan aikin yoyon fitsari. Wannan shi ne irin abin da nake kira a yi, kuɗin gwamnati a kan ciwon da ke talauta gida a dare ɗaya. Amma sai a asibitin da aka amince da shi, mai likita da jini da wuta. In babban asibitin ƙaramar hukuma bai cika sharaɗin ba, kyautar tana Sakkwato, kuma kuɗin shatar mota zuwa can cikin dare ya isa ya hana tafiyar. Kashi biyar ɗin nan na agajin gaggawa da dokar 2014 ta ware, a nan ya kamata a gan shi, a hannun direbobin da aka yi yarjejeniya da su a kowace mazaɓa, ana biyansu a kan kowace mace da suka kai. Kuma tun da Amurka ta rage tallafinta a farkon 2025, wanda ya saba jiran baƙi su cike giɓi ya kamata ya farka. Masu neman a ninka kason asusun daga kashi 1 zuwa 2 suna da gaskiya, ko da yake shi ma ba zai isa ba sai jiha ta sa nata da gaske, ƙananan hukumomi ma haka, tunda Kotun Ƙoli ta ce a Yulin 2024 a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye.

Na san in abin da nake nema ya tabbata, ciniki zai ragu a kemis ɗina. Na yarda, domin rabin cinikin dama bashi ne.

Hukuncina dai shi ne, inshorar kamfani ta ci gaba da hidimar masu albashi, a sa mata ido ta biya asibitoci, amma kada wani jami'i ya sake lissafa ta cikin abin da zai ceci gabashin Sakkwato. Wajibcin da dokar 2022 ta kawo, a kan gwamnati ya fara hawa, kuma ita ya kamata a fara tambaya. Mai karatu, in kana Wurno ko Rabah ko Goronyo, ka je asibitin mazaɓarku ka nemi shugaban kwamitin mazaɓa, ka tambaye shi mutum nawa aka yi wa rajista, yaushe kuɗi ya shigo na ƙarshe, nawa ne, kuma me ya sa ba a manna lissafin a bango ba. Masu neman ƙuri'ar 2027 suna nan tafe. Duk wanda ya ce zai gina sabon asibiti, ku tambaye shi naira nawa zai sa a kasafi a kan kowace mai ciki da kowane yaro, kuma a wane wata kuɗin zai isa asibitin da ake da shi.